Likita Ya Ce Tafiyata Lafiya Lau, Ni Kuma Na San Ina Layi

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar makaranta ce a Zariya, shekaruna 33, ina da 'ya'ya uku. Shekara biyu da suka wuce idona na hagu ya dushe, daga baya ƙafata ta dama ta mutu. Aka yi min hoton MRI a Alƙahira, aka ce cutar MS ce, wato wata cutar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, aka ɗora ni a kan magani. Alhamdu lillahi ido ya washe, ƙafa ta dawo. Amma yanzu idan na rufe ido ina wanke fuska sai in ji zan kifa. Idan aka ɗauke wuta da dare sai na bi bango. A aji, in na juyo daga allo zuwa ga yara, sai in ji ƙasa ta goce min. Na koma asibiti, likita ya sa na yi tafiya yana duba agogo, ya ce lafiyata lau. Tun daga nan maigidana yake cewa sa wa raina na yi, surukata kuma ta ce iska ce, a nemo na Hausa. Yayana da ke Ingila ya ce akwai wasu 'yan na'urori da ake ɗaura wa mutum a jiki, suna gano irin wannan matsalar tun kafin ido ya gan ta. Ina tunanin sayar da gwal ɗina in je a auna ni, ko na samu takardar da zan nuna a gida. In tafi, ko in haƙura?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne.

Abin da kike ji gaskiya ne. Ba raki ba ne, ba kuma sa wa rai ba ne. Wurare ukun da kika lissafa, rufe ido, duhu da juyawa, su ne daidai inda masu wannan cuta suke fara jin tangaɗi, tun suna tafiya garau, tun babu mai iya gane komai a jikinsu. Yayanki ma ya faɗi gaskiya, na'urorin suna nan. Amma shawarata ki ajiye gwal ɗinki. Zan gaya miki dalili, zan kuma gaya miki inda ya fi dacewa kuɗin su tafi idan har ya zama dole a taɓa su.

Tsayuwar da muke yi ba tare da tunani ba, aikin abu uku ce. Ido yana sanar da ƙwaƙwalwa inda bango da ƙasa suke. Can cikin kunne akwai sashen da ke jin karkatar kai. Sai jijiyoyin tafin ƙafa da na gaɓoɓi, masu kai rahoton inda ƙafa take da yadda nauyi ya sauka a kanta. Saƙon ƙafa ta cikin laka yake hawa zuwa ƙwaƙwalwa. A cutar MS, garkuwar jiki ce take juyowa tana cin wani farin kitse da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, wanda shi ke sa saƙo ya yi gudu. Idan ya zaizaye, saƙo yana isa, amma a makare. Jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba, sai dai kafin ƙwaƙwalwa ta san kin karkata, kin riga kin wuce inda ya kamata a taro ki. Da rana idonki ne yake rufa wa ƙafarki asiri. Da kin rufe shi a gaban buta, ko an ɗauke wuta, sai a bar ƙafa da aikin da ba ta iya yin sa a kan lokaci. Juyawa kuma ta fi tafiya miƙe wahala, domin kai da ƙirji da ƙugu da ƙafa duk sai sun yi aiki bi da bi, ga shi kina magana da yara, hankalinki ya rabu biyu.

To me ya sa likita bai gani ba? Kada ki ƙullace shi. Da kayan awon da ke hannunsa ya yi aiki, kuma irin su ake amfani da su a manyan asibitocin duniya. Tafiyar da ya sa ki yi sanannen gwaji ne: taku na tsawon ƙafa 25, wato wajen mita bakwai da rabi, a miƙe, a kan daɓe sumul, a cikin haske. Sauri kawai yake aunawa. Ma'aunin da likitocin jijiyoyi ke ba mai MS maki da shi, wanda wani likitan Amurka John Kurtzke ya fitar a 1983, daga 0 yake zuwa 10, kuma daga tsakiyarsa zuwa sama nisan tafiya yake bi, har a kai 6 inda mutum ke buƙatar sanda. Wadda ke zuwa makaranta da ƙafarta kullum tana can ƙasa a ma'aunin, ko da tana bin bango da dare. Akwai wani gwajin tsayuwa mai ayyuka 14 da maki 56, amma don tsofaffi aka tsara shi tun farko, mace mai shekara 33 kan iya cinye makin duka ta fita da matsalarta. Shi kuwa gwajin haɗe ƙafa a rufe ido, wanda ake yi tun zamanin likitan Jamus Moritz Romberg a ƙarni na 19, da idon likita ake yanke hukuncinsa, ido kuma sai tangaɗi ya yi yawa yake kama shi.

Ki ɗauka 'yan mata biyu ne suka ɗebo ruwa a ka daga famfo, suka iso gida lokaci ɗaya. Mai duba agogo zai ce daidai suke. Sai an leƙa bokiti za a ga ɗaya ta zubar da rabi a hanya, wuyanta kuma ya ƙage saboda faman tare shi. Ke ce ta biyun, kuma har yanzu babu wanda ya leƙa bokitinki.

Wannan leƙen shi ne aikin na'urorin da yayanki yake nufi. Ƙanana ne, marasa nauyi, ana ɗaura su da maɗauri a ƙasan baya daidai ƙugu, a idon sawu ko bayan ƙafa, wani lokaci har a ƙirji da wuyan hannu. A cikin kowace akwai abin da ke jin motsi da abin da ke jin juyawa, irin wanda ke cikin wayarki da ke sa hoto ya kwanta idan kin karkata ta. Suna ɗaukar awo fiye da sau ɗari a sakan ɗaya su tura wa kwamfuta. Sai a ce ki tsaya cik na sakan 30 ido buɗe, sannan ido rufe, sannan a kan soso mai lotsawa don a rikita rahoton tafin ƙafa. Daga nan ki tashi daga kujera, ki yi tafiya, ki juyo, ki zauna. Kowane ɗan Adam yana ɗan kaɗawa idan yana tsaye. Abin da kwamfutar ke fitarwa shi ne faɗin kaɗawar, saurinta, ko gaba da baya ta fi yawa ko gefe da gefe, da kuma tsawon lokacin da juyawa ta ɗauke ki.

A 2012 likita Rebecca Spain da abokan aikinta a jami'ar kiwon lafiya ta Oregon da ke birnin Portland a Amurka sun gwada wannan a kan masu MS da saurin tafiyarsu yake daidai da na masu lafiya. Agogo ya kasa rarrabe su da masu lafiyar. Na'urorin kuwa sun nuna suna kaɗawa da yawa idan sun rufe ido, gangar jikinsu tana yawan karkata a tafiya, kuma suna daɗewa wajen juyawa. A 2015 wasu masu bincike a jami'ar Vermont, a can Amurka, suka samu makamancin haka a kan masu MS da cutar ba ta nakasa su ba, musamman kaɗawar gefe da gefe a kan soso. Ina karanta wasiƙarki na ga kamar ke aka auna. Wannan binciken ya wanke mutane da yawa da aka daɗe ana ce wa babu abin da ke damun su, kuma ina ganin alheri ne babba.

Sai dai ga abin da ya sa na ce ki dakata. Na'urar ba ta gano cuta. Cutar MS da tarihin ciwo da hoton MRI da gwajin ruwan laka ake tabbatar da ita, kuma ke an riga an tabbatar miki da ita. Ba ta kuma faɗin dalilin tangaɗi, domin mai ciwon suga da jijiyoyin ƙafarsa suka taɓu da mai matsalar cikin kunne duk za su kaɗa a gabanta. Abin da masu bincike suka gano bambanci ne tsakanin rukunin marasa lafiya da rukunin masu lafiya, kuma har yanzu likitoci ba su haɗu a kan lamba ɗaya da za a ce wanda ya haura ta yana cikin haɗari ba. Shi ya sa ko a Ingila da Amurka an fi samun su a ɗakunan bincike da wasu cibiyoyi na musamman, ba a kowane asibiti ba. Masu binciken Oregon ɗin nan da kansu, da suka bi mutanensu wata 18, abin da na'urorin suka nuna shi ne hawa da saukar awo daga wannan ziyara zuwa waccan, ba su nuna taɓarɓarewa ba. Wato awon rana ɗaya, bayan gajiyar jirgi, a garin da sanyinsa daban yake da na Zariya, hoton wannan ranar ne kawai. Amfaninsa sai an maimaita a kai a kai, ke kuma ba za ki riƙa hawa jirgi duk wata uku don tsayuwar sakan 30 ba. Za ki dawo da takarda mai zane-zane da lambobi, kuma shawarar da za a rubuta a ƙasanta ita ce wadda zan ba ki yanzu.

Akwai manhajojin waya masu irin wannan aiki. Kamfanin magunguna na Roche ya yi wata mai suna Floodlight don masu MS, da gwajin tsayuwa da na juyawa, wayar iPhone kuma tun 2021 tana ƙiyasta daidaiton tafiyar mai ita idan tana aljihu. Idan yayanki yana son taimakawa ta nan, babu laifi, amma kada lambar waya ta hana ki barci, kada kuma ta sa ki canza magani.

Abu na farko da nake so ki yi, ki koma wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, amma wannan karon kada ki ce masa "ina jin jiri" kawai. Jiri kalma ce da kowa ke faɗa a asibiti, daga mai zazzaɓi har mai ciki. Ki ce masa: idan na rufe ido, idan duhu ne, idan na juya. Ki roƙe shi ya gwada ki kina tafiya dunduniya na taɓa yatsu a kan layi ɗaya, da tsayuwa a ƙafa ɗaya, da tsayuwa a kan soso ido rufe, da tafiya kina lissafi da baki. Waɗannan ba sa buƙatar kwamfuta, kuma sun fi tafiyar agogo tona matsala. A duba jininki, da suga, da sinadarin B12, domin ƙarancinsa shi kaɗai yana kashe tafin ƙafa. A duba magungunan da kike sha, wasu na ciwon jijiya da na sanƙarewar tsoka suna sa layi. Sannan ki duba takardunki na Alƙahira, ki tambaya ko an yi miki gwajin jini na wata cuta da ake kira NMO. Ita ma ido da laka take kamawa, tana kama da MS ƙwarai, an fi samun ta a cikin baƙar fata fiye da Turawa, kuma wasu magungunan MS suna ƙara tsananta ta. Idan an yi, shi ke nan. Idan ba a yi ba, wannan gwajin ya fi tikitin jirgi daraja.

Idan kuɗi za su fita, su fita a kan maganin da aka ɗora ki, kada ya yanke, da hoton MRI a lokacin da likita ya ce a sake. Maganin shi ke rage sabon tashin ciwo, kuma tsadarsa ce ke sa mutane da yawa a nan suke bari a tsakiya. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan MS guda uku a jerin muhimman magungunanta a karon farko, ciki har da rituksimab, wanda dama manyan asibitoci suna amfani da shi a wasu cututtukan. Idan wanda kike kai ya fara fin ƙarfin aljihu, ki yi maganar da likita tun da wuri, kada ki yi shiru ki daina.

Sai ɓangaren gashin ƙashi, wanda nake ganin an fi raina shi alhali shi ne maganin abin da ya kawo ki. Mutanenmu sun ɗauka na masu shanyewar ɓarin jiki ne da masu karaya. Daidaiton jiki abu ne da ake koya wa ƙwaƙwalwa, kuma tana koyo, musamman yanzu da abin bai yi nisa ba. Ki nemi a tura ki sashen a asibitin koyarwa, su tsara miki atisaye, ki riƙa yi a gida. Irin su tashi daga kujera ba tare da dafawa ba, tafiya dunduniya bisa yatsu a gefen bango, tsayuwa a ƙafa ɗaya kusa da abin kamawa, tafiya kina juya kai dama da hagu, daga baya a ƙara da rufe ido. Sharaɗinsa ya ɗan ba ki wahala, in ya zo da sauƙi ba ya ƙara komai, amma kuma ba a yin sa a tsakiyar tsakar gida babu mai tarowa. Kaɗan kullum ya fi mai yawa sau ɗaya a mako. Abin da nake tsorata miki shi ne tsoron faɗuwa ya zaunar da ke. Mai tsoro yakan rage fita, ƙafa ta yi rauni, tangaɗi ya ƙaru, tsoron ya ƙaru. A binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, fiye da rabin masu MS da aka bi sun faɗi aƙalla sau ɗaya cikin 'yan watanni, kuma yawancin faɗuwar a cikin gida take faruwa.

Don haka ki dubi gidanki da sabon ido. Banɗaki ne wuri mafi haɗari: tayil mai santsi, kumfa a fuska, ido a rufe. Ki sa kujera 'yar tsuguno ki zauna ki yi wanka da alwala, a kafa miki ƙarfen kamawa a bango kusa da masai. Ki ajiye fitila mai caji a inda hannunki zai kai daga kan gado, wata kuma a hanyar banɗaki. Silifas mai sulɓewa ki bar shi, ki nemi takalmi mai kama dunduniya. Bakin darduma da ke naɗewa, da wayar caji a ƙasa, da zani mai jan ƙasa, duk ki kula da su. Ruwan zafi da tukunya daga kan wuta a bar wa wani ya ɗauka. Idan kina goyo, kada ki sauka bene ko ki tsallaka kwata da yaro a baya ranar da kika ji jikin ba daidai ba. A aji kuma ki riƙa juyowa da taku biyu ko uku, ki gama juyawa sannan ki fara magana. A sallah ki ɗan ware ƙafa, ki tsaya kusa da bango, ki ɗago daga ruku'u a hankali. Ranar da tsayuwa ta gagara, kin san hadisin Imrana ɗan Husaini da ya halatta wa mara lafiya yin ta a zaune, kada ki ji kunyar kowa.

Zafi ma ki san da shi. Tun 1890 wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya lura cewa alamun wannan cuta suna tsananta idan jiki ya ɗau zafi. Jijiyar da kitsenta ya zaizaye takan ƙara jinkiri da ɗan ƙarin ɗumi kaɗan. Mu kuma ga bazara, ga murhu, ga aji mai rufin kwano da tsakar rana. Idan kin ga layin ya ƙaru a watan Afrilu, ko bayan girki, sannan ya lafa da kin watsa ruwa kin huta, ba cutar ce ta ci gaba ba. Haka zazzaɓin cizon sauro ko ciwon mafitsara kan tayar da tsoffin alamu, su kwanta idan an yi maganinsu. Abin da ba a jira da shi shi ne sabuwar alama, ko tsohuwa da ta tsananta ta wuce awa 24 babu zazzaɓi: dushewar ido, ganin abu biyu-biyu, raunin ƙafa, riƙewar fitsari. Wannan asibiti ake tafiya a ranar.

Awon da kike nema kuwa, kina iya fara naki a gida. Ki samu ƙaramin littafi. Duk ranar da kika yi tuntuɓe, ko kika kusa faɗuwa, ko kika faɗi, ki rubuta lokaci, da wuri, da abin da kike yi, da ko akwai zafi ko gajiya ko rashin barci. Sau ɗaya a wata, da safe, ki tsaya a kusurwar ɗaki bango na bayanki, kujera a gabanki, ƙafa a haɗe, sakan 30 ido buɗe, sakan 30 ido rufe, wani babba yana tsaye dab da ke, wani kuma yana ɗaukar bidiyo da waya. Wuri ɗaya, lokaci ɗaya, babu takalmi. Bai kai na'ura ƙwarewa ba, amma yana da abin da awon rana ɗaya a ƙasar waje ba shi da shi, wato wata bayan wata, kuma likita zai ji daɗin ganinsa.

Wanda nake so ya tsaya dab da ke ɗin nan, maigidanki ne. Na lura takardar da kike son sayar da gwal dominta, ba don likita kike neman ta ba, don gida ne, kuma wannan ya taɓa min zuciya. Bai kamata mace ta ƙetare teku don a yarda tana jin abin da take ji ba. Amma ina kyautata masa zato. Ya ga idonki ya washe, ya ga ƙafa ta dawo, ya ji likita ya ce lafiya lau, sai ya kama maganar da ta fi kwantar masa da hankali. Sau da yawa "babu komai" a bakin namiji tsoro ne. Ki zaɓi lokacin da yara suka yi barci, ki ce masa ba gardama kike so ba, hannunsa kike so. Ya tsaya kusa da ke ki rufe ido, sannan shi ma ya gwada, ku kalli bidiyon biyu tare. Ki roƙe shi ya raka ki asibiti zuwa na gaba, ya ji bayanin da kunnensa, ya yi tambayoyinsa.

Surukarki kuma ki bi ta da ladabi. Cutar da ke zuwa ta tafi, ta kama ido yau ta kama ƙafa gobe, ba abin mamaki ba ne dattijuwa ta ce iska ce. A ƙididdigar 2020 mutum miliyan 2.8 ne aka san suna da ita a duniya, kashi biyu cikin uku mata, amma yawancinsu a Turai da Arewacin Amurka suke, a nan kuwa da wuya ta taɓa jin sunanta. Ki karɓi addu'arta da tofinta da hannu biyu. Jiƙe-jiƙe da hayaƙi ne za ki nemi maigidanki ya shiga tsakani, domin wasu magungunan MS dama hanta suke wahalarwa, ba a haɗa su da abin da ba a san me ke cikinsa ba. Daga bakin ɗanta maganar za ta fi shiga, ke kuma ba za a ce kin raina ta ba.

Ki gode wa yayanki, ki gaya masa in yana da abin taimako ya sa shi a kuɗin magani da hoton MRI na gaba. Ki rubuto min bayan kin ga likita da masu gashin ƙashi, musamman abin da aka ce game da gwajin NMO ɗin. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya raya miki zuri'a.